Injin tufkar igiya mai ƙugiya uku: abin da ya iya da zaren ɓawo, da inda ya gaza

Duk wanda ya ga yadda ake tallar injin tufka na hannu zai ɗauka ɓawon itace ake zura masa ta gaba, igiya ta fito ta baya. Ba haka abin yake ba. Aikin igiya hawa uku ne. Da farko a fitar da zaruruwa daga ɓawo ko ganye. Sannan a murza su su zama dogon zare. Daga ƙarshe a haɗa zaren ya zama sili, a tufke silin ya zama igiya. Injin nan hawa na ukun kaɗai ya sani, kuma a nan kam ya iya aikinsa: igiya mai sili uku, tsawon mita 10, wadda hannu zai wuni yana fama da ita, shi zai gama cikin 'yan mintuna, ta fito da tsari ɗaya daga kai har wutsiya. Sai dai hawa biyun farko su ne masu cin lokaci, a can kuwa ba ya taɓuka komai. Hukuncinmu a kansa daga nan ya taso.

Maƙera da yawa ne ke yin sa, ƙirar kuma kusan ɗaya ce, don haka nau'in muke dubawa, ba sunan wani kamfani ba. Abu uku ne ke zuwa a kwalin. Akwai kan injin, wato allo mai ƙugiya uku a gaba da mariƙi a baya, wanda idan aka juya shi ƙugiyoyin duka sukan juya gefe guda, da sauri ɗaya. Akwai ƙugiyar wutsiya mai juyi, wadda ake kafawa a ɗaya ƙarshen. Akwai kuma dunƙulen katako mai kwari uku, wanda ake sawa tsakanin silin uku don ya hana su haɗuwa kafin lokaci ya yi. Ba wata sabuwar dabara a ciki. A tsohuwar masana'antar jiragen ruwa ta Chatham da ke Ingila, inda ɗakin tufka ya kai mita 346, da irin waɗannan abubuwa uku ake aiki har yau, girma kawai ya bambanta. Saboda haka kada mai sayarwa ya ruɗe ka da batun fasaha. Ingancin ƙarfe da gogewar katako ne abin da kake biya.

Kan injin iri biyu ne. Na katako allo biyu ne: ƙugiyoyin an lanƙwasa wutsiyarsu, an zura su cikin allo na biyu, idan ka kaɗa allon sai su juya tare. Juyi ɗaya na hannunka, juyi ɗaya na ƙugiya. Na ƙarfen yana da babban faifai mai haƙora a tsakiya da ƙanana uku a kewaye, juyi ɗaya na mariƙi yakan ba ƙugiya juyi uku ko huɗu, gwargwadon ƙira. Da zaren kanti, na ƙarfen ya fi ba tare da gardama ba. Da zaren ɓawo da aka murza da hannu, al'amarin ya ɗan sauya. Saurin na ƙarfen yana ɓoye wa hannu abin da ke faruwa a silin, sai ka ji ɗaya ya tsinke a wurin haɗi, inda aka haɗa guntayen zaren, tun ba ka ankara cewa murɗin ya yi yawa ba. Na katakon yana gajiyar da kafaɗa, amma duk ƙarin taurin da silin ya yi hannunka na jin sa. In igiyar ba za ta wuce mita 10 ba, na katakon ya wadatar. Daga mita 15 zuwa sama, na ƙarfe, a juya shi da haƙuri.

Takardar bayanin da ke zuwa tare da shi galibi ba ta faɗin abin da ya fi komai muhimmanci, wato gefen da za a juya. Igiya ba manne ta ake yi ba, murɗi biyu ne masu adawa da juna suke riƙe ta. Kowane sili yana son ya warware, hanyar da zai bi ya warware kuma ita ce ke ƙara naɗe shi a jikin 'yan'uwansa. Ka riƙe zaren a tsaye ka dubi layukan jikinsa. Idan sun hau zuwa dama kamar tsakiyar harafin Z, murɗin dama ne. Idan sun hau zuwa hagu kamar tsakiyar S, murɗin hagu ne. Ƙa'idar ita ce kowane hawa ya saɓa wa na ƙasansa: zare na dama, sili na hagu, igiya ta dama. In ka juya mariƙin ta gefen da zaren ya riga ya murɗu, zaren zai yi ta ƙara tauri har ya fara ƙudundunewa tun silin bai haɗu ba. In ka juya ta gefen da ya dace, zaren zai ɗan saki kaɗan yayin da yake naɗe juna. Wannan ɗan sakin shi ne ke tona asirin zaren hannu: wanda ba a murza shi sosai ba, a nan yake zamewa ya rabu biyu ba tare da ya ma tsinke ba. Don haka zaren da za a kai wa inji a murza shi ya fi na aikin hannu tauri.

Wajen shimfiɗa zaren ma akwai lissafin da ba a faɗa wa mai saye. Murɗi yana cin tsawo, daga kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku, gwargwadon taurin tufkar. Mai son igiyar mita 10 sai ya bar tazarar mita 14 zuwa 15 tsakanin kan injin da ƙugiyar wutsiya. A ɗaura bakin zaren a ƙugiya ta farko, a kai shi wutsiya, a dawo a saƙala a ta biyu, a koma wutsiya, a dawo ta uku, a koma wutsiya, a dawo ta farko a ƙulle. Zagaye ɗaya ke nan, kowace ƙugiya ta sami zare biyu. Zagaye biyu, huɗu huɗu. Da zare mai kaurin milimita ɗaya da rabi, huɗu a kowane sili, igiyar za ta fito wajen milimita 7, domin igiya mai sili uku kaurinta ya ɗan ɗara ninki biyu na silin. Yanzu a yi lissafi: sili 3, zare 4, mita 15. Mita 180 ke nan na murzajjen zare, don igiyar da ba ta kai kaurin ƙaramin yatsa ba. Mai son ya ninka kaurin zuwa milimita 14 kuma ba ninki biyu na zare zai nema ba, ninki huɗu ne, mita 720. Wanda ya taɓa murza zaren rama a kan cinya ya san abin da wannan lamba ke nufi. A nan gizo ke saƙar, ba a wurin mariƙi ba.

Aikin kansa zango biyu ne. A na farko a riƙe ƙugiyar wutsiya kada ta juya, a sa dunƙulen katakon dab da ita, kowane sili a kwarinsa, a fara juya mariƙi. Silin za su yi ta tauri suna gajarta, wutsiyar tana matsowa gaba. Dole a bar ta ta matso, amma da ja a kanta. Idan ta ci kusan kashi ɗaya cikin goma na tazarar, a tsaya a gwada: a ɗan sassauta sili ɗaya da yatsu biyu, in ya nemi ya naɗe kansa nan take, murɗin ya isa. In ya kwanta lakwas, a ƙara. A zango na biyu a saki ƙugiyar wutsiya ta juya, mai riƙe da dunƙulen ya fara takowa zuwa wajen injin a hankali, igiyar tana tufkuwa da kanta a bayansa. Mai mariƙi kada ya tsaya. Tufkuwar igiya tana zare murɗi daga silin, shi ne yake mayar da abin da ake zarewa. Saurin tafiyar dunƙulen shi ke yanke halin igiyar: tafiya a hankali, igiya mai tauri, mai jure gugar dutse da ƙarfe, amma mai wuyar ƙulli, tafiya da sauri, igiya mai laushi, mai daɗin ƙulli, amma mai saurin buɗewa. Ma'auni mai sauƙi shi ne a bi sili ɗaya da ido har ya zagayo inda ya fara. In tazarar ta kai kusan ninki uku na kaurin igiyar, tufkar tsaka-tsaki ce, ita ce kuma ta fi dacewa da yawancin ayyuka.

Wannan bayani kaɗai ya nuna ƙaryar hoton da ake sawa a kwali, na mutum ɗaya yana murmushi yana juya mariƙi. Aikin mutum uku ne, ko biyu in an yi wa wutsiya dabara. Dabarar ita ce a kafa ƙugiyar a jikin katako mai jan ƙasa, a ɗora masa nauyi, ko a bi da igiyar ja ta kan sanda a rataya nauyi a ƙarshenta. Don siririyar igiya a fara da kilo 2 zuwa 3, a riƙa ƙarawa har silin su daina lilo. Nauyi ya yi kaɗan, silin su ƙudundune. Ya yi yawa, zaren ɓawo ya rabu a wurin haɗi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a kwalin. Haka kuma babu sandunan tallafi, alhali da zarar tazara ta wuce mita 5 ko 6 silin kan sauko su taɓa juna a tsakiya su sarƙe. Sanda mai ƙusa huɗu a kai, a kafa ɗaya duk bayan mita 3 zuwa 4, ta magance wannan, ana cire su ɗaya bayan ɗaya yayin da dunƙulen ke isowa.

Sai batun wane zare ne injin ke so. Rama ce ta fi tafiya da shi cikin zaruruwan kara, in an jiƙa ta daidai an tsefe ta: doguwa ce, tana karɓar murɗi, ba ta yawan gardama. Zaren lalo ya fi ta laushi, yana tufkuwa da kyau ƙwarai, amma ya fi rauni, kuma danshi na saurin cinye shi, don haka igiyarsa ta cikin ɗaki ce. Zaruruwan ganye irin su sisal da moda suna da tsawo da ƙarfi, ba sa bukatar jiƙo mai tsawo, kankare naman ganyen ake yi da bayan wuƙa a wanke a shanya, sai dai suna da santsi da taurin kai, in ba a ba su murɗi sosai ba sai igiyar ta buɗe. (Ruwan ganyen sisal yana sa ƙaiƙayi, na tumfafiya kuwa haɗari ne ga ido, a sa safar hannu, kada a shafa fuska.) Zaren ɓawon kwakwa gajere ne, ba a ɗora shi a ƙugiya sai an riga an murza shi sili biyu, igiyarsa ba ta da ƙarfin ja amma tana miƙewa, tana yawo a kan ruwa, ruwan gishiri kuma bai cika damunta ba.

Ɓawon itace shi ne mai wuyar sha'ani, shi ne kuma dalilin da ya sa da yawa ke sayen injin. Abin da ake nema shi ne ɓawon ciki, siririn farin da ke tsakanin busasshen ɓawon waje da katako. Ana saɓule shi ne a lokacin da itace ke cikin ganiyar tsiro, ruwa na gudana a jikinsa, a lokacin nan yakan taso da ɗan ja kaɗan. A wajen wannan lokaci sai ya manne ya yi ta yagewa guntu-guntu. A ɗebe shi daga rassan da aka sare, domin itacen da aka yi wa zobe, aka ɓare shi ya zagayo, mutuwa yake yi. Kuka na cikin 'yan kaɗan da ke mayar da ɓawonsu, ita ma ba a maimaita mata ɓara a kai a kai. Ɓawon kuka da na kargo da na itacen linden na Turai duk suna ba da igiya, amma ba zaruruwa ɗai-ɗai suke fitowa ba, faffaɗan ziri suke fitowa. Zirin da ya yi faɗi in an murɗa shi naɗewa yake yi ya bar rami a ciki, gefunansa su tsage. Sai an tsaga shi ya koma milimita 2 zuwa 4, an daidaita kaurin, kafin ya murzu ya zama zaren da injin zai karɓa. Duk gurɓin da aka bar busasshen ɓawon waje a jiki, nan zaren zai karye, domin shi ba ya lanƙwasuwa.

Jiƙo ne ke raba igiyar kirki da ta banza, injin kuma ba ya gyara kuskuren da aka yi a nan, sai ma ya fallasa shi. Manufar jiƙo ita ce ƙwayoyin halittar da ke cikin ruwa su cinye danƙon da ya manne zaruruwan, su bar zaruruwan kansu. A ɗaure ɓawon dami-dami ba da tsauri ba, a nutsar da shi duka, a danne da dutse ko katako, don abin da ya leƙo sama ba ya jiƙuwa daidai da na ƙasa. A ruwa mai ɗumi rama takan yi mako ɗaya zuwa biyu, lalo daga kwana goma zuwa mako uku ko fiye, ɓawon linden a ruwan sanyi mako huɗu zuwa shida. Kwanakin nan jagora ne kawai, hannu ne alƙali. Daga lokacin da wari ya tashi, ruwan ya yi yauƙi, a riƙa zaro ziri ɗaya kullum a murza tsakanin yatsu. In zaruruwan sun rabu da kansu kuma ka ja sun ƙi tsinkewa, a kwashe a ranar. Wanda bai jiƙu ba yana da tauri, a kan injin sai ya yi ta fashewa yana tayar da gashi. Wanda ya wuce kima yakan yi toka-toka, ya yi laushi mai daɗin taɓawa, ya yaudari mai shi, sai an ɗora masa ja ya watse. Ɓawon da ya ƙi laushi kuma ana iya dafa shi kamar awa ɗaya cikin ruwan toka, a ɗauraye sosai bayan haka.

Bayan wanki a shanya a inuwa har ya bushe ƙarau, ko da a ranar ake son aiki da shi. Dalili: ɗanyen zare yana ƙanƙancewa in ya bushe, igiyar da aka tufka da shi sai ta wayi gari ta saki, silin suna motsi a cikin juna. Wanda ya riga ya bushe sau ɗaya ya gama ƙanƙancewarsa. Kafin murza sai a yayyafa masa ruwa a naɗe cikin tsumma mai danshi na ɗan lokaci, ya yi laushi ba ya ɗiga ba. Haka ma kafin a ɗora murzajjen zaren a ƙugiya, a sake ɗan jiƙa shi. Busasshen zaren ɓawo a kan inji mai haƙora tsinkewa yake yi, babu makawa.

Wurin haɗi shi ne sauran abin lura. Ziri ba ya wuce mita ɗaya ko biyu, don haka a zaren mita 180 akwai haɗi kusan ɗari ko fiye. Kowanne a fiƙe bakunan biyu su sirance, a ɗora su kan juna santimita 5 zuwa 8, a murza su tare, kada a yi ƙulli. Ƙulli yana maƙalewa a kwarin dunƙule, yana kuma barin ƙari a jikin igiya. A nan injin yana da wata falala da ya kamata a yaba masa: da yake zare huɗu ko shida ne a kowane sili, raunin haɗi ɗaya maƙwabtansa na ɗauke masa, muddin haɗe-haɗen ba su faɗo wuri ɗaya ba. Igiyar hannu mai sili biyu ba ta da wannan gata.

Shin za a iya murza zaren da injin kansa? Ana iyawa, da ƙugiya ɗaya: wani na juyawa, wani na ja da baya yana ciyar da zaruruwa daga damin da ya ɗaura a kugu, kamar yadda masu tufkar igiyar jiragen ruwa suke yi a da. Da tsefaffiyar rama abin yana yiwuwa bayan an saba. Da zirin ɓawo kuwa wahalar ta fi ribar.

Aibin ƙirar kanta ba su da yawa, amma suna maimaituwa daga wannan maƙeri zuwa wancan, kuma duk ana iya gane su kafin a biya. Ƙugiyoyin da aka yi da siririyar waya mai taushi suna buɗewa idan ja ya yi ƙarfi. A nemi mai kaurin milimita 5 ko 6, mai baki a lanƙwashe sosai. A na katako, in ba a sa wa sandar ƙugiya zoben ƙarfe a inda ta ratsa allo ba, ramin yakan faɗaɗa, ƙugiyar ta fara rawa. Yawancinsu ba su da abin kulle mariƙi, da ka saki hannu sai murɗin ya juyar da shi baya da ƙarfi, aikin ya warware, wani lokaci har ya bugi yatsa. Ƙusa ɗaya da rami a allo sun isa gyara. Maɗaurin teburi ma sau da yawa ƙarami ne, ba ya riƙe injin idan igiya ta yi kauri. Amma biyun da suka fi ɓata aikin ɓawo su ne ƙugiyar wutsiya da dunƙule. Ƙugiyar wutsiya ta kan juya sumul a hannu, sai an ja ta ta cije. A gwada ta da nauyi a rataye, ba a sake ba. In tana cijewa tana saki, igiyar za ta fito wani wuri a tsuke, wani wuri a sake. Dunƙulen kuma galibi ba a goge kwarinsa ba. Zaren kanti zai wuce, zaren ɓawo kuwa sai ya kama, ya tattaro gashi a bakin kwarin har ya toshe. Takardar guga mai laushi da ɗan kakin zuma sun gama da wannan matsala cikin rabin awa, aikin da ya kamata maƙerin ya yi tun farko.

Ba kowace matsala ce laifin inji ba. In sili ɗaya ya nutse ciki sauran biyu suka naɗe shi, tun wajen shimfiɗa ne ja bai zo ɗaya ba, ko wani silin ya fi wani kauri. Irin wannan igiya silin da ya nutse shi kaɗai ke ɗaukar nauyi, shi zai fara tsinkewa. In igiya ta buɗe bayan an sauke ta, murɗin zangon farko bai isa ba, ko mai mariƙi ya tsaya a zango na biyu. In tana naɗe kanta a ƙasa ta ƙi kwanciya, murɗin ya fi tufkar yawa. Gwajin da ke nuna komai shi ne a riƙe ta da hannu biyu a kawo hannayen kusa: igiyar da ta daidaita takan sauko a lanƙwashe ta tsaya shiru. Wasu injinan suna zuwa da ƙugiya ta huɗu. Sili huɗu yana ba da igiya mai zagaye da santsi, amma yana barin rami a tsakiya, dole a sa masa zaren ciki, in ba haka ba sili ɗaya ya faɗa ramin. Ga mai zaren hannu ƙarin aiki ne kawai.

Kafin a cire igiyar daga ƙugiya a naɗe bakunan biyu da siririn zare. Sannan a ɗaure ta tsakanin turaku biyu a ja ta, a bi ta da tsumma mai kaushi da danshi sau da yawa, a bar ta ta bushe a miƙe. Gashin da ya tsaya a bi shi da harshen wuta da sauri, ba tsayawa. Kakin zuma kaɗan yana rage shan ruwa, mai kuwa in ya yi yawa santsi yake sawa tsakanin zaruruwa ya rage riƙonsu. A ajiye ta a rataye inda iska ke shiga, kada a naɗe ta da danshi.

Game da ƙarfi, kada a dogara da jadawalin da ke cikin takardar, don da zaren masana'anta aka yi shi. A yanki mita ɗaya daga kowace igiya a gwada. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 20 kilo 20 ke nan, a yi ta ƙarawa kusa da ƙasa har ta tsinke. Abin da ta ɗauka a raba shi goma, wannan shi ne nauyin da za a riƙa ɗora mata, a tuna kuma ƙulli kan iya cinye har rabin ƙarfin igiya. Ba a hawa da ita, ba a rataya kaya da ita a saman mutane, komai kyan da ta yi a ido.

To, wa ya kamata ya saya? Mai bukatar ɗan kirtani na ɗaurin kaya, ko tarko, ko ɗinkin kwando, ko igiyar da ba ta wuce mita biyu ko uku ba, ya bar kuɗinsa a aljihu. Tufkar hannu mai sili biyu, a murɗa sili ɗaya waje a ɗora shi kan ɗan'uwansa, ta fi sauri a wannan tsawo, ba ta bukatar fili ko abokin aiki, kuma tana ba da damar ƙara ziri ana cikin tafiya, abin da injin ba ya yarda da shi. Guntun igiyar da aka tono a Abri du Maras a Faransa, wanda aka ba da labarinsa a 2020, na ɓawon ciki ne, sili uku, ya haura shekara 40,000, yatsu kaɗai suka yi shi. Wanda kuma bai iya murza zare mai kauri ɗaya ba tukuna, injin ba zai koya masa ba. Amma mai noman rama ko sisal da ke tara zare da yawa, ko ƙungiyar masu sana'a da wasu ke murza wasu ke tufka, ko mai koyar da yara da manya yadda igiya ke haɗuwa, a wurinsu kwalliya na biyan kuɗin sabulu. Su ɗauki na ƙarfe in dogayen igiyoyi ne aikinsu, na katako in gajeru ne, su fara gwajin da zaren kanti mai arha har hannun mutum ukun ya zo ɗaya, sannan su ɗora zaren ɓawon da suka sha wahalar murzawa.